Takobin kurtu ko na hafsa: inda ya dace mai tara tsofaffin takubban sojan Faransa ya sa kuɗinsa

Duk wanda ya ɗan daɗe yana bin kasuwar tsofaffin takubban sojan Faransa ya san akwai ranar da takobin da ya yi daidai da abin da littafi ya faɗa yake daina burge shi, idonsa ya koma kan wanda ya saɓa: miƙaƙƙen ruwa a jikin ƙotar da aka saba ganinta da lanƙwasasshe, ƙotar baƙin ƙarfe a zamanin da kowa yake riƙe da ta tagulla, kube mai zobe ɗaya a inda ake tsammanin biyu. A nan daɗin wannan sha'awa yake, kuma a nan aka fi tafka asara, domin takubban da suka saɓa wa tsari iri biyu ne, kuma ido ba ya saurin rabe su. Akwai wanda ya saɓa tun yana rataye a ƙugun soja, bisa umarnin hukuma ko bisa son ran hafsan da ya saya da kuɗinsa. Akwai kuma wanda ya saɓa a 'yan shekarun nan, a kan teburin wani mai haɗe-haɗe da ya ɗauki ruwan wannan ya cusa a ƙotar wancan, ya laƙaba masa suna mai daɗin ji. Na farko shaida ce ta tarihi, na biyu kuwa tarkace ne da aka yi wa kwalliya.

Mai neman irin waɗannan baƙin takubba yana da hanyoyi uku a gabansa. Yana iya bin takubban ƙa'ida na ƙananan sojoji waɗanda hukuma da kanta ta sauya musu kama daga baya, yana iya bin takubban da hafsoshi suka sa aka yi musu ba bisa ƙa'ida ba, musamman hafsoshin rundunar Afirka, yana kuma iya miƙa wuya wajen ƙasaitattun takubban zamanin juyin juya hali da daular Napoleon. Hanyoyin ba ɗaya suke ba wajen kuɗi, ba ɗaya suke ba wajen haɗari, kuma abin da ya fi raba su a ganina shi ne amsar tambaya guda: a wace hanya ce takobin yake iya kare kansa da hujjar da take jikinsa, ba da labarin da yake bakin dillali ba?

Kafin a kwatanta su, dole a san inda hujjar take fitowa. A shekarar 1730, zamanin Sarki Louis na 15, aka kafa maƙerar gwamnati ta Klingenthal a yankin Alsace, da maƙeran da aka ɗauko daga Solingen ta ƙasar Jamus, garin nan da ruwan takubbansa suka daɗe suna ratsa Sahara har kasuwar Kano, inda maƙeranmu da dukawanmu suke yi musu ƙota da kube. Da yake Klingenthal tana dab da iyakar gabas, wadda ta nan abokan gaba suke shigowa, sai gwamnati ta buɗe wata maƙera a Châtellerault, a bakin kogin Vienne, a 1819, ta kuma janye hannunta daga Klingenthal a 1836, ta bar ta ga iyalin Coulaux waɗanda suka ci gaba da ƙira a matsayin 'yan kasuwa. Waɗannan maƙeru biyu suna da wata al'ada da ta zama rahama ga masu tarawa: suna rubuta sunansu a gadon bayan ruwan takobi, wato gefen da ba shi da kaifi, kuma daga wajajen 1810 suna ƙarawa da wata da shekara. A gindin ruwan, kusa da ƙota, masu duba aiki suna buga ƙananan hatimansu, kowane da harafin sunansa, kuma masana sun tattara shekarun da kowannensu ya yi a bakin aiki. Sunayen ƙirar zamanin Napoleon kuwa daga kalandar juyin juya hali suka fito, wadda ta fara lissafi daga Satumban 1792, shi ya sa An IX, wato shekara ta tara, take nufin 1800 zuwa 1801, An XI take nufin 1802 zuwa 1803, An XIII kuma 1804 zuwa 1805.

Hanya ta farko a kan wannan hujja ta ginu. Takobin ƙaramin soja dukiyar gwamnati ce, gwamnati kuwa ba ta zubar da abin da zai iya ƙara aiki, saboda haka takobi ɗaya yakan yi shekara arba'in ko sittin yana komawa maƙera ana yi masa gyara, kowane gyara kuma da umarninsa a rubuce. Misali mafi shahara shi ne ƙirar An XIII ta mahaya masu sulken ƙarfe da rundunar da ake kira dragon: miƙaƙƙen ruwa mai tsawon kusan santimita 97, da kwari biyu a kowace fuska, da makarin hannu na tagulla mai rassa huɗu. Yadda aka ƙera shi tun asali, tsininsa yana bin layin gadon baya. Bayan faɗuwar Napoleon, daga 1816, aka riƙa wasa tsinin ana dawo da shi tsakiyar ruwa kamar na mashi, aka kuma sauya wa da yawa kube. Sakamakon haka, wanda aka gyara shi ne ya fi yawa a kasuwa, wanda ya tsira da tsininsa na asali shi ne baƙo, kuma shi ya fi tsada. Mai saye yana da abin aunawa a nan: ya duba inda kwarin ya ƙare dangane da tsini, ya auna tsawon ruwan, ya kwatanta lambar da aka buga a makarin hannu da wadda take jikin kube. Ba ya buƙatar ya gaskata kowa.

Ƙirar 1822 ta mahaya masu sauƙin kaya ita ce, a ra'ayina, makarantar da ta fi kowace. Ruwanta ɗan lanƙwasasshe ne mai tsawon kusan santimita 92, makarin hannunta na tagulla mai rassa uku, kuma ta yi farin jinin da Amurka ta kwaikwaye ta a ƙirarta ta 1840, har yau kuma mahayan rundunar tsaron jamhuriya a Paris suna riƙe ta a faretinsu. Tsawon rayuwarta shi ya haifar mata da 'ya'ya iri-iri. Akwai na farko-farko masu rubutun Klingenthal na zamanin sarauta, akwai na Châtellerault masu rubutun daular Napoleon na 3, akwai na bayan 1870 waɗanda rubutunsu ya haɗa har da sunan ƙirar. A shekarun 1880 aka koma rataya takobi da zobe ɗaya, sai aka cire zobe na biyu daga tsofaffin kube, kuma idan ka karkata kuben ga haske sau da yawa za ka ga inuwar inda zoben ya zauna. A cikin shekarun nan ne kuma aka fitar da nau'in da aka sauya a 1883, mai ƙotar 1822 da miƙaƙƙen ruwa, wanda wanda bai sani ba zai rantse haɗe-haɗen kasuwa ne alhali aikin hukuma ne. Akwai 'yar'uwarta ta mahayan sahu, ita ma ta 1822, mai rassa huɗu, wadda sojoji suka yi wa laƙabi da bancal, ba ta kuma kai ta farkon yawa ba. Akwai waɗanda suka faɗa hannun Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871 aka buga musu alamun rundunonin Jamus, da waɗanda suka bi sojojin Poland gida bayan yaƙin duniya na farko. Mutum yana iya cika bango guda da ƙirar 1822 kaɗai, babu biyu da suka yi daidai, kuma kowane bambanci yana da shekara da dalili.

Wani nau'in sauyin da nake ƙauna a wannan hanya shi ne na alamun mulki. Tsakanin 1814 da 1870 Faransa ta sauya tsarin mulki sau da dama, kowane mai mulki kuma da alamarsa: gaggafa ta Napoleon, furen gidan sarautar Bourbon, zakara na zamanin Louis-Philippe daga 1830, gaggafa kuma ta sake dawowa a 1852. Hafsan da ba shi da halin sayen sabon takobi duk lokacin da gwamnati ta kife, sai ya kai nasa a goge tsohuwar alama ko a maye gurbinta. Za ka sami siririn takobin hafsa na ƙirar 1817 wanda an kankare furen da yake kan faifan makarinsa, saura ɗan tabo mai siffar abin da aka cire. Wasu suna ganin wannan a matsayin aibi, su nemi a rage musu kuɗi. Ni kuwa ina ganin tarihin siyasar ƙasa guda ne a fili mai faɗin tafin hannu.

Gajerun takubban dakaru ba sai an daɗe a kansu ba, sai dai gargaɗi ɗaya. Wanda ake kira briquet, mai ƙotar tagulla zubi ɗaya da ruwa kusan santimita 60, yana da araha kuma yana da yawa, ana rabe ƙirar An IX da ta An XI da yawan zanen da yake jikin mariƙi, 36 a ta farko, 28 a ta biyu. Amma kusan rabin Turai ta kwaikwayi wannan takobi, saboda haka briquet marar hatimin Faransa wanda aka ce maka nau'i ne na daban, mafi yawan lokuta na wata ƙasa ne kawai. Haka mai kama da takobin Romawa na 1831, wanda sojoji suka raɗa wa suna coupe-chou, wato mayankin kabeji: 'yan kasuwa sun ƙera ƙanana da marasa nauyi birjik domin rundunar tsaron gari da masu kashe gobara, kuma bambancinsu bai kai ya ɗaga farashi ba.

Raunin hanya ta farko a bayyane yake. Takobin kurtu ba shi da ado, yana da nauyi, an ƙera shi dubbai, kuma bambancin da kake alfahari da shi sau da yawa ba wanda zai gan shi sai ɗan'uwanka mai irin sha'awarka. Baƙon da ya shigo falonka ba zai tsaya a gaban inuwar zobe ba.

Hanya ta biyu ita take da abin tsayar da baƙo. Hafsan Faransa da kuɗinsa yake sayen takobinsa, kuma ko da yake akwai ƙa'ida, nisan da ya yi da Paris shi yake nuna yawan biyayyar da zai yi mata. Bayan Faransa ta fara mamaye Aljeriya a 1830, hafsoshin rundunonin da aka kafa a can, irin su zouave da chasseur d'Afrique da spahi da tirailleur, suka ga takobin ƙa'ida bai dace da faɗan da suke yi ba, sai suka riƙa ba masu haɗa takubba na Paris da maƙerar Coulaux aikin abin da ransu yake so. Faransawa suna kiran irin waɗannan da sabre de fantaisie, wato takobin son rai. Abin da ya fi bayyana a jikinsu shi ne ƙotar baƙin ƙarfe maimakon tagulla, mai rassa da yawa da suke lulluɓe hannu, wani lokaci daidai wa daida ta hagu da dama, da mariƙin ƙahon ɓauna da aka naɗe da waya, da miƙaƙƙen ruwa da aka yi domin suka fiye da sara. Wasu suna ɗauke da ruwa mai kusurwa uku, wanda ake danganta wa Janar Préval tun gwajin da aka yi a farkon shekarun 1830, ruwa marar kaifi amma mai tauri, wanda ba ya lanƙwasa idan ya ci karo da jiki. Wasu kuma an yi musu kwari a karkace, na wannan fuska yana kusa da wannan gefe, na waccan yana kusa da wancan, domin a rage nauyi ba tare da an raunana ruwan ba. Wannan ɗabi'a ta yi ƙarfin da daga baya hukuma ta bi sahunta: takobin ƙa'ida na hafsoshin dakaru na 1882, da ƙotarsa ta ƙarfe da kwarinsa na karkace, daga takubban Afirka ya gaji kamanninsa.

Ga mai karatu Bahaushe, wannan dangi na takubba ba labarin nesa ba ne. Ƙirar 1882 ita ce ta ƙa'ida ga hafsoshin sojan ƙasa na Faransa a shekarun da ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899, aka ci Damagaram a shekarar, aka kuma gwabza da Rabeh a Kusuri a 1900. Wanda ya riƙe irin wannan takobi a Zinder ko Maraɗi ba zai ji abin da mutumin Lyon yake ji ba, kuma bai kamata ya ji haka ba. Ni ban ɗauki ajiye shi a matsayin girmama waɗanda suka riƙe shi ba. Ajiye shaida ce ta abin da aka yi wa kakanninmu da irin kayan da aka yi shi. Sai dai wannan kusanci kansa tarko ne, domin dillalin da ya gane daga ina kake zai iya gaya maka cewa wannan takobin ya je Nijar. In babu sunan hafsa a jikin ruwa ko takardar iyali da za a bi a tabbatar, ka sayi takobin a kan farashin takobi, ka bar masa labarin. Akwai kuma wani reshe na gaskiya da ya cancanci nema: ruwan takubban mahayan Faransa da suka shiga hannun mutanen Afirka ta Yamma, musamman ƙasashen Mande, aka yi musu ƙota da kube na jima irin na gida. Irin wannan haɗi tsoho ne, kuma ɗinkin fatar da tsufanta suna ba da shaida.

Matsalar hanya ta biyu ita ce ainihin abin da ya sa take da daɗi. Tunda babu ƙa'ida, babu ma'auni. Idan aka miƙo maka takobin kurtu mai baƙon fasali, kana da littafin da za ka buɗe ka ce wannan bai yiwu ba. Idan aka miƙo maka na son rai, kusan komai yana iya yiwuwa, kuma wannan ƙofa ce buɗaɗɗiya ga mai haɗe-haɗe. Yawancinsu ba su da hatimin masu duba aiki na gwamnati, da yawa ba su da shekara, wasu sunan mai shagon da ya sayar kaɗai suke ɗauke da shi. Hujjar da ta rage ita ce ta aikin hannu, kuma ido ba ya koyon karanta ta sai ya ga takubba masu yawa.

A nan na taɓa ƙonewa. Wani dillali ya aiko mini da hotunan takobi mai ƙotar ƙarfe da ruwa mai kusurwa uku, ya ce na hafsan rundunar Afirka ne, hotunan kuma sun yi kyau, sai dai babu wanda ya nuna saman ƙotar. Da takobin ya iso na zare shi, abin da na fara lura da shi shi ne nauyinsa duk ya taru a hannu, ruwan kamar ba nasa ba. Na juya shi na dubi saman ƙota, inda wutsiyar ruwa take fitowa a daddale ta da guduma: ƙarfen wurin fari ne tas, da sawun guduma sabo, alhali sauran ƙotar ta yi duhun shekaru. Fatar da ake sawa tsakanin ruwa da makarin hannu ta yi kauri fiye da kima, da na ɗaga gefenta da farce sai ga rata, ramin makarin an yi shi ne domin ruwa mai faɗi, ba wannan siriri ba. Na aza ruwan a kan kube, kuben ya fi shi tsawo da kusan yatsa uku. Ƙotar tsohuwa ce, ruwan tsoho ne, kuben ma tsoho ne, amma ba su taɓa zama tare ba sai a shagon wani. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba don kuɗin kaɗai ba, har da sanin cewa an lalata takubba biyu ko uku na gaske kafin a samar da wannan guda.

Hanya ta uku ita ce wadda kowa yake mafarki. A nan ake samun takubban rundunar tsaron gari na shekarun farko na juyin juya hali, waɗanda ake kira petit Montmorency, masu kan zaki ko kwalkwali ko hular 'yanci a saman ƙota, wasu da makarin hannu mai naɗewa. A nan ake samun lanƙwasassun takubba irin na Mamaluka, mayaƙan dawakai na Masar, masu kama da bisalami, waɗanda hafsoshi suka rungumi yayinsu bayan yaƙin Masar na 1798 zuwa 1801. A nan ake samun ruwan Solingen da aka rina shuɗi aka zana da zinariya, da takubban girmamawa waɗanda gwamnati ta fara bayarwa bisa dokar Disamban 1799 kafin a kafa lambar Légion d'honneur a 1802, da aikin maƙerar Versailles ƙarƙashin Nicolas-Noël Boutet. Kyawunsu ba abin musu ba ne, kuma wanda ya tsaya gabansu a gidan kayan tarihin soja na Invalides a Paris, ko a gidan Empéri da yake Salon-de-Provence, zai gane dalilin da ya sa mutane suke sayar da gona saboda su. Amma farashin wannan fage ba na mai farawa ba ne. Takobin da Napoleon ya riƙe a yaƙin Marengo na 1800 an sayar da shi a gwanjo a Fontainebleau a 2007 kan Yuro miliyan 4.8, kuma ko da yake wannan ƙololuwa ce, sunan Napoleon yana ɗaga kuɗin duk abin da ya raɓe shi, har takobin kurtu na mahaya na ƙirar An XI.

Inda kuɗi ya taru, nan jabu yake taruwa. Shekaru da dama ana ƙera kwaikwayon An XI da An XIII da briquet a Indiya domin masu wasan tarihi da masu ado, ba da niyyar zamba ba, amma wasu suna saye su tsufar da su da gishiri da ƙasa, su shigar da su kasuwar kayan tarihi. Ana gane su da hannu fiye da ido. Ruwan gaske yana da kauri a gindi, yana sirancewa a hankali har tsini, shi ya sa takobi mai nauyi yake tashi a hannu kamar mai rai. Na jabu kaurinsa kusan ɗaya ne daga gindi zuwa tsini, sai ka ji kamar ka ɗauki sandar ƙarfe. Hatimin gaske bugawa aka yi, gefensa yana da kaifi. Na jabu sau da yawa a cikin zubi ya fito, gefensa a dagule. Rubutun gadon baya kuma yana tona asirin wanda bai san tarihi ba. Napoleon ya sauka daga mulki a Afrilun 1814, ya dawo a Maris na 1815, aka ci shi a Waterloo ranar 18 ga Yuni, saboda haka ruwan da ya kira maƙerar Klingenthal ta daula alhali yana ɗauke da watan da sarkin gidan Bourbon yake kan gado, ko hatimin mai duba aikin da bai kama aiki ba sai bayan shekarar da aka rubuta, ya isa ya sa ka mayar da kuɗinka aljihu. Wannan gwaji yana aiki a kan takubban kurata na daular. A kan na hafsoshi da na Mamaluka, waɗanda ba su da shekara kuma aka ci gaba da yin irinsu har ƙarshen ƙarni na 19, ba ya aiki, kuma nan ne ko gogaggu suke saɓa wa juna.

Idan aka jera hanyoyin uku, hukuncina ba ya rawa. Wanda bai riƙe takubban Faransa na gaske masu yawa a hannunsa ba, musamman wanda yake saye daga nesa ta hotuna kamar yadda yawancinmu muke yi, ya fara da ta farko, ya kuma fara da ƙirar 1822. Kuɗinta mai sauƙi ne idan aka kwatanta da na daular Napoleon na farko, jabunta bai kai na An XI yawa ba, hujjarta a rubuce take a jikinta, kuma ranar da ya so sayarwa zai sami mai saye ba tare da doguwar muhawara ba, domin abin da ya gamsar da shi zai gamsar da na gaba. Bayan hannunsa ya saba da yadda ruwan Châtellerault yake sirancewa, idonsa ya saba da kalar tsohuwar tagulla da yadda tsohon daddale yake kwanciya a saman ƙota, sai ya taka zuwa ta biyu, wadda a ganina ita ce ta fi ba da lada ga mai ilimi, tunda har yanzu ana samun takobin son rai na ƙwarai a hannun wanda bai san abin da yake riƙe da shi ba, ya sa masa kuɗi ƙasa da na takobin ƙa'ida saboda bai gan shi a littafi ba. Sai dai ya sani sayar da irin wannan yana ɗaukar lokaci, domin sai ya sami wanda ya yarda da idonsa. Ta uku kuwa ban ba kowa shawarar shigarta ba sai ta gidan gwanjo mai ƙwararren da zai sa hannu a takardar bayani, da sharaɗin mayarwa a rubuce, ko da hakan zai ƙara la'ada mai nauyi a kan farashi.

Wurin zaman mai tarawa ma yana da ta cewa a zaɓin. Iskar hunturu tana busar da fatar mariƙi har ta tsage, tana kuma sa ƙaho da icen kanya na ƙotar hafsoshi su dare, damina kuma tana sa kuben ƙarfe ya tara laima ya ci ruwan da tsatsa daga ciki. Takobin kurtu mai tagulla da ƙarfe yana jure wannan fiye da ruwa mai shuɗi da zinariya, wanda goge ɗaya na ganganci yake share masa abin da ya yi shekara ɗari biyu yana riƙe da shi. A ajiye ruwa a wajen kube, a shafa masa ɗan siririn mai ko kakin da ake amfani da shi a gidajen tarihi, kada a kusance shi da takardar yashi ko man goge tagulla, domin duhun shekaru rabin darajarsa ne. Mariƙin hauren giwa, wanda ya yawaita a takubban Mamaluka, yana ƙarƙashin dokokin duniya masu tsauri wajen ƙetare iyaka, kuma wannan kaɗai ya isa ya fitar da yawancin hanya ta uku daga lissafin wanda yake zaune a wajen Turai. Ko wane takobi ne, a tambayi kwastan da kamfanin sufuri kafin a biya, ba bayan an biya ba.

Da a yau za a ba ni kuɗin takobi ɗaya, zan nemi ƙirar 1822 ta Klingenthal mai shekara a gadon baya, wadda lambar makarinta ta yi daidai da ta kubenta, kuben kuma yana nuna inda aka cire zobe na biyu. Kafin na aika ko sisi, zan nemi mai sayarwa ya ɗauko mini hoton rubutun gadon baya daga farko har ƙarshe a ƙarƙashin haske mai karkata, da hoton hatiman gindin ruwa ta fuska biyu, da ruwan kwance kusa da kubensa tare da abin awo, da kuma hoton saman ƙota daga sama, kusa-kusa, inda aka daddale wutsiyar.